Rasuwar Chepa, Famfon Las Tejitas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, in dai sunan wannan dutsen da ke ƙirjina tun shekaranjiya ke nan, ni Eduviges Talavera, shugabar kwamitin ruwa ta ƙauyen Las Tejitas, nake sanar da rasuwar famfonmu, Chepa. Ta cika ranar Talata, uku ga Mayu, da hantsi, mata goma sha ɗaya na layi a gabanta da bokitai. Yanzu haka maza suna can suna zura ƙugiya a ramin, laka kawai suke fitowa da ita.

Shekararta goma sha huɗu. Mace muka ɗauke ta tun ranar farko, don ita ma ba ta hutawa. Ba ta da inji, ba ta taɓa neman mai ba. Tsohuwar tayar mota ce da hannun juyawa, sai doguwar igiya mai ƙananan robobi da ke hawo da ruwa ta cikin bututu. Maganarta ɗaya ce, ƙiiƙ-ƙwal, ƙiiƙ-ƙwal, daga fitowar rana har faɗuwarta. Kafin zuwanta rafi muke sha, ƙasa da inda shanu ke shiga. A wancan zamanin na binne 'ya'ya biyu, duk gudawa ce. Tun da Chepa ta zo, kafinta bai sake haɗa ƙaramin akwatin gawa saboda ciwon ciki ba.

Jinyarta ba ta kai minti goma ba.

Ranar Gicciye ce, ranar da muke yi wa gicciye ado da mangwaro da sarƙar takarda don roƙon ruwan sama. Duk shekara Chepa ma tana samun nata adon. Takarda ko ta faɗa rami narkewa take yi, shi ya sa ba mu taɓa ganin illa ba. Bana Remigia, wadda ta riƙe mini 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna komadre, ta dawo daga kasuwa da dogayen ribin na leda masu ƙyalli.

"Komadre, takarda kwana ɗaya take yi," in ji ta. "Wannan kuwa har jikokinki sai sun gaji da ganinsa."

Da hannuna na ɗaura. Ina so a san wannan, kada a ci gaba da ƙin gaida Remigia a hanya. Ni ce aka ba wa littafin kula da famfon, yana ƙasan akwatina, ban buɗe shi ba tun shekarar da aka kafa ta.

Bakin ribin ya kama igiya, ya bi ta har ƙasa, ya toshe bututu. Hannun ya ƙi juyawa. Sai ga Don Crisanto, mai horar da shanun noma, yana naɗe hannun riga.

"Ku matsa, 'yan mata. Tsufa ke damunta, ni na san maganin tsofaffi."

"Kai da ko matarka ba ka iya juyawa a filin rawa," in ji Remigia. Muka yi dariya. Ya sa ƙarfinsa duka.

Tas. Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Igiya ta zare ta wuce ciki, bututu ya karye ya bi ta. Ramin ko kan mutum ba ya shiga. Na kira lambar waɗanda suka kafa ta, wadda ke rubuce a jikin siminti. Muryar wata mata ta ce babu wannan lambar. Na kira sau tara, amsarta ba ta canza ba.

Marigayiya ta bar gidaje sittin da uku, da makarantar firamare, da bokitai ba adadi. Ta kuma bar jikata Ubaldina, watanta biyar, wadda nonon uwarta ya ƙafe, madarar gwangwani take sha da ruwan Chepa. Tulu ɗaya da rabi ya rage a gidana. Ba wanda ke taɓa shi sai ita. Zai kai Asabar. Daga nan sai rafi, wanda rani ya mayar korayen kududdufai. Zan tafasa. Wancan karon ma tafasawa na yi, duk ranar da akwai itace.

Ban yi kuka ba. Mutane na cewa ina da ƙarfin hali. Ina jin su.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da ƙarfe huɗu. Za a rufe bakin ramin da dutse, a ɗauki hannun juyawar a kai coci a ajiye. Addu'ar kwana tara a gidana. Akwai kofi ga wanda ya zo da ruwansa. Kada kowa ya kawo ado.

Ina kan rubuta wannan layin wata farar mota ta tsaya a bakin hanyar rafi, bayanta cike da turaku da waya mai ƙaya. Mutumin da ya fito ba wanda ya san shi. Ya tambayi gidana, ya cire hula a ƙofa, da wata takarda mai hatimi a hannunsa.

"Doña Eduviges, ke ce ta ruwa? Na ji abin da ya faru, Allah ya ba da haƙuri. Dama tambaya na zo yi. Wa ya ba ku izinin bi ta gonata zuwa rafi?"

Jana'iza tana nan a lokacinta. Mata su fara biyawa rafi da safe kafin a ja wayar, kowace da duk abin da zai iya riƙe ruwa.