Ranar da Na Yi wa Rana Kwanton Ɓauna

Shekarar da na sayi kyamara a hannun wani direban tirela, ban bar kowa ya huta ba a Unguwar Shanu. Na ja abokaina, Sani tela da Habu mai gyaran rediyo, muka goya jakunkuna muka hau wani dutse a bakin dam, can gaba da Rigachikun, don in ɗauki fitowar rana a kan ruwa. Can muka kwana.

Da asuba Habu ya ce, "Ina ne gabas a nan?"

Na yi masa kallon tausayi. Ka zo da mai hoto, kana neman gabas? Na nuna wajen ruwa, na shige gaba na ja mu salla, har da doguwar sura. Muna sallamewa na saita kyamara can, na durƙusa, na hana kowa ko tari.

Gari ya yi ta wayewa, ruwa shiru. Ina cewa, "Ku yi haƙuri, yanzu za ta ɓullo," sai na ji ɗumi a ƙeyata. Ga inuwata ta miƙe a gabana zungureriya.

Sani ya waiwaya. "Malam, baƙuwar taka ta ƙofar baya ta shigo."

Habu ya faɗi yana dariya, sai ya tashi zumbur. "Kai! To sallar fa?"

Muka sake ta, ni a baya.

Har yau in na shiga masallacin unguwa, sai wani ya kama kafaɗata a hankali ya ce, "Limamin Yamma, nan muke kallo."