Hawayen da Sadiyatu Ta Ara wa Ɓarawo

"Ina kwana, tsohon angona? Har yanzu kana nan da rai?"

"Ina nan, mummunar amarya. Sai na ga ranar da kika iya dama fura."

Malam Maccido tsohon alƙali ne a Ƙofar Dundaye. Idonsa ya dushe a shekarar da talabijin ta shigo gidan, sai jikarsa Sadiyatu ta zama idonsa: yana jin magana, tana faɗa masa hoto. Shekara biyu ke nan da ya rantse cewa ɗansa Jibrin, uban Sadiyatu, ba zai sake taka zaurensa ba, tun da aka kore shi aiki kan sayar da simintin gwamnati. Jibrin yana Kwalkwalawa, yana aiko gaisuwa ana mayarwa. Safiyar nan hantsi ya kwanta a kan tabarma kamar mage, suna bitar wasan 'yan sanda da aka nuna jiya a talabijin.

"Ni dai Arzika ya ban tausai," in ji ta.

"Ɓarawon magani? Da gabana anka kawo shi, da kafin azahar na gama da shi."

"Uwarsa ba ta da lafiya."

"Ciwon uwa guda, ya sace mota cike? Wace irin uwa ce, rundunar soja?"

"To Sajan fa? Don mi ya bar shi ya gaida ita kafin ya sa mai ankwa?"

"Ragon ɗan sanda. Irinki ne, zuciya kamar man shanu a rana."

"Gara ni. Taka fa, ko turmi aka sa ta sai taɓarya ta karye. Ba ka ga yadda Arzika ya tsaya bakin ƙofa yana hawaye ba."

"Ban gani ba kam. Shi ya sa na tambayi Malam Ishaya, malamin makarantar nan maƙwabcinmu. Ya ce wanga yaro ko ƙifta ido bai yi ba. Sigari ma yake sha."

Sadiyatu ta shiga jan zaren tabarma.

"Sati huɗu kina sa shi kuka," in ji tsohon. "Har rama kika ba shi, da tabo a goshi. Arzika ba shi da tabo. Na san mai tabo, ubanki ne. Ni na ɗauke shi ran da ya faɗo daga bishiyar kanya."

"To ka auri makaryaciya. Sake ni."

"Wa zai kwashe ki? Gaya min gaskiya sau ɗaya. Ya rame?"

"Ya rame, Malam. Kullum Juma'a yana tsayawa bayan masallaci har ka wuce."

Tsohon ya daɗe yana shafa gemu.

"Sajan nan," ya ce, "na sake duba shari'arsa. Bai saki ɓarawo ba, bai kuma hana uwa ɗanta ba. Ba rago ba ne sosai."

"Rantsuwarka fa?"

"Ji jahila, jikar malamai. Wanda ya karya rantsuwa miskinai goma yake ciyarwa." Ya laluba aljihu, ya miƙo mata mabuɗin ɗakin hatsi yana dariya ƙasa-ƙasa. "Auno gero, rabon mutum goma. Ki cika mudun, kada ki yi min irin awon ubanki. In kin raba, ki ce ya zo da la'asar."