Ranar da Na Sa Yunifom Don Kama Mai Shago

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na sa kayan makaranta na tafi Gusau farautar mai laifi ba. Ni malamin ladabtarwa ne a wata sakandaren maza a Tsafe, kuma Allah ya yi ni ɗan tsurut. Na girmi wasu malaman namu, amma duk baƙon da ya shigo ofis sai ya aike ni in kira masa malami. Da ƙyar da bulala da ɗaure fuska na samu yara suka fara jin tsorona. Wannan ɗan kwarjinin shi ne duk abin da na mallaka.

To, sai muka fara kama sigarin lantarki a jakunkunan yara, wannan mai kama da biro da ke fitar da hayaƙi mai ƙamshin alawa. Da na matsa musu, suka ce a wani layin shaguna kusa da tasha a Gusau suke saye. Doka kuwa ta hana sayar wa wanda bai kai shekara goma sha takwas ba. Na nemo shugaban 'yan kasuwar layin ta waya, na ce ya raba lambata, duk wanda ya ga ɗalibinmu ya kira ni.

Shiru, babu wanda ya kira. Sai zuciyata ta ce ai masu shagunan bakinsu ɗaya. Nan na yanke shawarar da har yau nake cizon yatsa a kanta: zan shiga kayan ɗalibai in je in saya da kaina, in kama mutum dumu-dumu. Ban gaya wa shugaban makaranta ba (ina son yabon ya zama nawa ni kaɗai). Na aske ɗan gemun da na daɗe ina lallaɓawa, na ari farar riga da koren wando a sito. Abin takaici, suka zauna mini cif kamar tela ya auna ni. Matata ta dube ni ta ce, "In za ka dawo ka biyo mini da gishiri, yaron kirki."

Shagon farko na wani dattijo ne mai sayar da kayan waya, Alhaji Garba. Na maƙe murya na ce a ba ni mai ƙamshin mangwaro.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Shekarunka nawa?"

"Sha shida," na ce, ina jiran ya miƙo in fito da katin aikina (wanda a lokacin na tuna yana aljihun kaftanina a Tsafe).

Sai ji na yi ya cafke wuyan hannuna. "Wanga yaro, so kake a ruhe min shago? Ko da katin shaida kaz zo sai na duba shi, bale kai da bakinka ka hwaɗi sha shida! Kuma lokacin karatu!"

Na ce, "Alhaji, tsaya ka ji, ni malami ne."

Maƙwabtansa da suka fara taruwa suka kwashe da dariya. Alhaji ya karanta bajon da ke ƙirjina ya ce, "Yawwa, 'yan Tsahe! Ina da lambar malaminku mai horo. An ce ba shi da wasa." Wallahi duk da halin da nake ciki sai da na ji daɗin wannan maganar.

Ya danna kira. Waya ta fara ruri a aljihun koren wandona.

Na ce alhamdulillahi, ga shaida ta fito. Ashe ban san mutanen tasha ba. Wani mai shayi ya ɗaga murya, "La ilaha illallahu! Hatta wayar malamin nasu ya sato!"

Kafin in buɗe baki an zaunar da ni a ƙasa. Wata mai fura 'yar Bungudu tana ta yi mini nasiha, wai in tausaya wa uwata. Wani ya ce a sa ni tsallen kwaɗo, horon da ni ne gwaninsa a makaranta. Na yi. Ban san ciwonsa ya kai haka ba. Samari kuwa kowa ya ɗaga waya yana ɗauka.

Wani direban motar Tsafe ne ya cece ni. Ya leƙo ya ce, "Subhanallahi, Malam! Kai da wa?" Alhaji Garba ya yi ta ba ni haƙuri, har da lemo mai sanyi. Amma da zan tafi ya ce, "Malam, ko gobe kad dawo da wagga riga, ba ni sai da maka."

Kafin in isa Tsafe bidiyon ya riga ni. Washegari na kama wani ɗan aji ɗaya ya makara, na daka masa tsawa na ce tsallen kwaɗo. Ya durƙusa cikin ladabi, ya ɗago kai ya ce, "Malam, irin naka na Gusau, ko na kullum?"

Tun daga ranar na daina ba da wannan horon. Na kuma koyi cewa akwai masu shagon da ke kiyaye doka ba tare da na gwada su ba. In kuwa dole sai ka yi aikin leƙen asiri, to ka sanar da maigidanka, kuma ka kashe wayarka.