Yadda Ba-Asara Ya Yi Cinikin Kumatunsa

"Ni fa tun da nake ba a taɓa cin ribata ba," in ji Ba-Asara, yana dukan ƙirji a shagon abokinsa tela. "Ko ashana na saya sai mai kanti ya yi hawaye. Likita kuma wane ne? Yau zan koya masa ciniki!"

Bari in gaya maka ko wane ne wannan gwani, mai karatu. Ba-Asara mai gabatarwa ne a wuraren biki da taro, ya tsufa da makirufo a hannu. Muryar tana nan daram kamar ganga, amma fuskar ta ajiye aiki ba sallama. Kumatu sun gangaro suna gaisawa da wuyan riga, ƙasan ido ya yi aljihu. Ga babban taron wani kamfani ya matso, mai shirya taron kuwa ya ja shi gefe ya ce, "Baba, ba don ni ba, amma kyamara ba ta da kunya. Suna maganar a nemo sabon jini." Abincinsa ke nan ake shirin miƙa wa yaran da aka haifa a gabansa.

A asibitin gyaran fata ya tarar da likita mace, mai magana a hankali.

"Hanya biyu ce, Baba," ta ce.

"Yallaɓai dai."

"To, Yallaɓai. Akwai tiyata. Mu tsaga ta wajen kunne, mu ja fatar sama, mu ɗinke. Kuɗinta ya kusa na ƙaramar mota, za ka yi makonni a gida, amma tana kai shekaru. Akwai kuma allurar ciko. Ita da sauƙi, gobe ka koma aiki. Sai dai jiki yana shanye ta, bayan watanni a sake. In ka tara kuɗinta na shekaru, bambancin ba shi da yawa. Kuma gaskiya, irin saukar da taka ta yi, allura ba za ta ɗaga ta sosai ba."

Ba-Asara ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Tiyatar nan, a yi mini ɓari guda. Na dama. Da shi nake fuskantar kyamara."

"Ba a yi."

"To a cire kuɗin maganin barci. Ni namiji ne, zan cije."

"Ba a yi."

"Fatar da za ku yanke fa? Ai tawa ce. A auna, a rage mini."

Likita ta cire tabarau ta dube shi. "Yallaɓai, nan ba rumfar mahauta ba ce."

Ya fito yana tsaki. A gida ya yi wa matarsa lacca: tiyata ta wawaye masu kuɗi ce, allurar asibiti ta wawaye marasa kuɗi, shi kuwa ya gano hanya ta uku. Akwai wata mai gyaran gashi da ke yin allurar nan a ɗakin bayan shagonta, tsakanin buhunan gashin kanti da injin busar da kai, a kan kuɗin da bai kai na tayar mota ɗaya ba.

"Maigida, a ina ta koya?"

"A waya. Yanzu duniya a tafin hannu take."

"Ni dai kada garin gyaran gira a rasa ido."

"Ke zauna nan da karin magana, gobe za ki ɗauka ƙanena ne ya shigo."

Ita ma mai gyaran gashin ba ta tsira ba. Sai da ya tatse ta har ta yarda ta ƙara masa sirinji guda a matsayin gyara. Ta cika kumatu, ta ce ya isa. Ya leƙa ya ga saura.

"Wannan fa?"

"Ya yi yawa, Yallaɓai."

"Na biya! Zuba a leɓe. Ba na barin canji."

Da gari ya waye matarsa ta kawo shayi, ta saki kofin da salati. Kuncin hagu ya zama ƙwallo, na dama ya zama ƙwarya, leɓen sama ya yi rumfa. Idanun nan sun shige can ciki kamar ɓeraye a rami. Ya ɗauki wayarsa don ya kira mai allura, wayar da ke buɗewa da fuskarsa ta dube shi ta ƙi.

Kana tsammanin ya fasa zuwa taron? Ashe ba ka san mutumin ba. Ya ce kumburin ƙuruciya ne, ya ɗaura lakataye, ya hau dandamali. Matsalar ɗaya ce, leɓɓan sun daina haɗuwa.

"Arkan'u da zuwa, anyan aƙi!"

Ya sake gwadawa, yawu ya yi wa makirufo wanka. Wata baiwar Allah a layin gaba ta aiko masa da maganin ciwon haƙori. Kafin ya kai ga sunan shugaban kamfani, mai shirya taron ya zare makirufon daga hannunsa, ya goge da hankici, ya miƙa wa sabon jini.

Haka gogan ya koma asibiti, fuska a lulluɓe da tawul. Likita ta latsa nan, ta latsa can, ta girgiza kai. Ba ta ma san abin da aka ɗura masa ba. Sai an yi gwaji, a narkar da mai narkewa, a zuƙe sauran. Da ta faɗi kuɗin, ya ji har kumburin ya motsa.

"A'u ragi?" ya tambaya.

"Akwai hanya ɗaya. Ƙungiyarmu ta likitoci tana neman wanda zai yarda a sa hotonsa a allon titi. In ka amince, su za su biya. Amma ka saurara, hoton na..."

"Kyauta? Ɗauki!"

"Yallaɓai, ka tsaya ka ji abin da za a rubuta..."

"Ru'uta ko'e!" Ya yar da tawul, ya karkata kafaɗa, ya ɗaga babban yatsa. Shi da kyamara ai tsofaffin abokai ne.

Aka yi aiki, kumburi ya sace. Fatar da ta sha miƙa kuwa ta zubo fiye da da, kamar balan-balan bayan biki. Amma wa ya ga Ba-Asara a shagon tela!

"Mutumina, faɗa mini wanda ya taɓa shiga asibitin masu kuɗi ya fito bai biya ko sisi ba, kuma ya zama tauraron talla! Ku tashi mu je ku gani."

Ya kwashi tela, ya kwashi matarsa, har mai shirya taron ya kira, don ya san irin fuskar da ya yi asara. Suka tsaya a tashar bas. Ga allo ya kai tsayin bene, ga kumatu kamar tagwayen tulu, ga yatsa a sama. A ƙasa da jan rubutu: YA JE WAJEN WANDA BA LIKITA BA. KADA KA ZAMA SHI.

Tela ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Matar ta ce ita ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Wata tsohuwa mai jiran bas ta ɗaga kai ta dubi allo, ta dubi Ba-Asara, ta sake duban allo. Ta matso cike da tausayi.

"Kai ne wancan, bawan Allah?"

"Ni ne," ya ce a sanyaye.

"Allah sarki. Sannu. Ashe bayan an ɗauki hoton abin ya ƙara lalacewa."