Doya a Ƙarƙashin Ƙwan Lantarki

Ku matso ku ba ni kunnuwanku, wannan ba ta gizo ba ce, tawa ce.

Shekarar da wuta ta shigo gidanmu a Minna, Ndagi mai haɗa waya ya ce ƙwan ɗakina wat ɗari ne, rishon lantarki kuwa kilowat ɗaya, wato wat dubu. Ni da na girma a awon hatsi, nan take na buga lissafi: ƙwai goma, risho guda. Abin da risho zai dafa a rabin awa, ƙwaina zai dafa a awa biyar.

Ranar da surukata za ta zo daga Garatu, na fere doya da hantsi, na sauko da ƙwan bakin tukunya, na hana a hura itace.

Da la'asar ta iso da yunwa, ta tsoma yatsa a ruwan tukunyar, ta ji ko tafasa bai yi ba. "Amarya, wanka kike wa doyar?"

Aka kira Ndagi, ya ce, "Lissafinta daidai ne, Iya, zafin ne ya gudu."

Na sa ya maimaita rabin farko da ƙarfi.

Daga baya Ndagi ya koma garinsu Bida. Surukata ta sha gari ranar, ta tsufa tana ba da labarin. Ni kuwa har yau in na ɗora tukunya, sai jikoki su tambaye ni wat nawa.