Takalmin da Ya Hana Alhaji Wakilci

Matso kusa ka ji, amma don Allah kar maganar ta wuce nan.

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya yi wa maigidana ɓarna a Dubai. Ni mutuniyar Gusau ce, kuma 'yar zaman gida, biki ko gaisuwa kaɗai ke fitar da ni. To shekarar da muka yi Umra, lokacin da wayar hannu ta fara shiga hannun kowa, sai Alhaji ya ce mu biyo ta Dubai. Akwai wani dattijon Balarabe mai sayar da takalman mata a kan sari a kasuwar Naif, yana neman wakili guda a Arewa. 'Yan Kano sun riga sun yi layi. Alhaji kuwa shekara biyu ke nan yana burin karkato wakilcin nan zuwa Gusau.

Da safe ya ce in zauna a otal. Na ce ina! Ɗaki a hawa na bakwai, ga wannan akwatin mai hawa da mutane sama da ban yarda da shi ba?

"To Hajiya, ki gaisa, ki sha shayi, ki yi shiru."

"Alhaji, yaushe ka taɓa ji na yi surutu?"

Ya ɗauki hularsa ya yi gaba, na bi shi.

Muka isa shagon, takalma tun daga ƙasa har rufi. Tafinta shi ne Malam Isufu, mutumin Maraɗi, ma'aikacin shagon, mai tsoron Allah (wannan tsoron Allah nasa ne ya ƙarasa mu, don ko tari ka yi sai ya fassara).

Alhaji ya yi bayani mai kyau, wallahi har na ji alfahari. Hayar shago da sauƙi, babu cunkoso, ga mota daga Sakkwato, ga ta Funtuwa, ga 'yan Ƙauran Namoda, kuma babu mai gasa da kai kamar a Kano. Balarabe yana ta gyaɗa kai, har ya zaro biro. Sai don girmamawa ya juyo gare ni.

"Madam," in ji Malam Isufu, "ya ce yaya daɗin zama a garin naku?"

Jama'a, a tambaye ni Gusau a ce in yi shiru?

Na gyara mayafi. Na ce ai garinmu ba ya da girman da zai haɗiye mutum, ba ya da ƙanƙantar da zai gundure shi. Kowa ya san kowa. Yaronka ya ɓata da hantsi, kafin azahar an dawo maka da shi an ba shi tuwo. Balarabe ya ce masha Allah. Wannan masha Allah ɗin ce ta kwance min linzami.

Na ce kuma ba mu san almubazzaranci ba. A layinmu takalmin biki guda ɗaya ya ishi mata goma, yau yana gidan Maman Hafsa, jibi yana gidan Inna Kulu. In ya tsinke, ga Ɗanlami shumeka a bakin tasha, hannunsa albarka, sai ya mai da shi sabo. Wa zai sayi sabon takalmi Ɗanlami yana raye?

Alhaji ya yi tari. Malam Isufu ya ce, "Bon," wato "to" da Faransancinsu, ya fassara duka.

Sai na ji Alhaji ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ni kuwa na ɗauka tuna min yake in kawo shaida. Na sunkuya, na cire takalmina, na ɗora shi a kan teburin gilashi, kusa da kofin shayin Balarabe.

"Shekara takwas!" na ce. "Gyara biyar. Duba ɗinki."

Dattijon ya kalli takalmin, ya kalli dubban takalmansa, ya mayar da biro aljihu a hankali. A nan ne kaina ya waye: mutumin nan fa takalmi yake sayarwa.

Ya yi magana yana murmushi.

"Madam, ya ce garinku garin zama ne, in ya yi ritaya zai zo. Amma takalmansa Kano za su. Khalas, shi ke nan."

Don tausayi ya sa aka kawo min sababbi, masu ruwan zinari. Na saka, na kuma miƙa hannu na ɗauke tsohon na jefa a jaka (ai Ɗanlami bai gama da shi ba).

Muka koma otal ni da Alhaji. Sai a bakin akwatin nan ya ce, "Hajiya, Ɗanlami shi ma ki nema masa biza."

Na koyi darasi: abin da ke sa gari daɗin zama ba kowane baƙo ake faɗa wa ba, kuma in maigida ya taka miki ƙafa, ba takalmi yake nufi ba. Masu ruwan zinarin kuwa, amare sha ɗaya suka shiga ɗaki da su a layinmu.

To yanzu tsakaninka da Allah, a duk abin da na faɗa wa Balaraben nan, ina ƙaryar take?