Rijiyoyin Yalwa

A ƙasar Baƙin Tafki kowa da abin da aka san shi da shi. Wani ƙaton namijin dorina ne sarki, domin ya fi kowa nauyi, kuma ba a taɓa samun wanda ya iya ɗaga shi daga inda ya zauna ba. Burgu ne ma'aji, rumbun gayya na hannunsa, inda kowane gida ke zuba rabonsa na busasshen kifi da hatsi da saiwoyi bayan kaka. Balbela ce mai shela, tana kwana a bayan Sarki, tana tashi da ra'ayinsa. Sauran talakawa kuwa kusan duk masunta ne: karnukan ruwa da zalɓe da agwagi. Majalisa na zama da hantsi a gindin gamji, kuma tana da al'ada guda da ba a ketarewa. Duk wanda ya miƙe zai yi magana, sai ya fara faɗin sunansa da sana'arsa. Marar sana'a na iya zuwa ya saurara, amma bakinsa alaikum.

Tafkin ya daɗe yana ja da baya. Kowace shekara sai ya bar wani sabon fili na tsattsagaggiyar laka, kowace shekara kuma sai samari su bi rafi su gangara kudu neman babban kogi. Ba su dawowa. Gari ya zama na tsofaffi, har ana iya wuni ba a ji kukan jariri ba. Sarki bai ga abin tayar da hankali ba, don shi a gurbi mafi zurfi yake zaune, kuma ma'auninsa ɗaya ne: in ruwa ya rufe masa gadon baya, tafki a cike yake.

Cikin waɗanda suka rage akwai wata karyar ruwa mai suna Yalwa. An haife ta a shekarar da kifi ya yi yawa har ana tattaka shi, shi ya sa aka raɗa mata sunan. Ta yi su tun tana 'yar mitsitsiya, ta haifi 'ya'ya tara, ta raka su bakin rafi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya ce zai aiko a ɗauke ta. Ta daina jira tun tuni, amma ba ta daina duban rafin ba.

A shekarar da aka wuni uku ba a kama ko tarwaɗa ɗaya ba, majalisa ta yi abin kirki, abin da ya ba kowa mamaki har da ita kanta majalisar. Ta buɗe makaranta a kan tudu don masuntan da su ya ƙare musu, ta ɗauko Malam Dabgi, tsohon gwanin haƙa, ya koya musu rijiya. Aka yi alkawarin rumbun gayya zai ciyar da malami da ɗalibai har rani uku, tunda mai haƙa ba ya samun sukunin neman abinci.

Malam Dabgi ba mai yawan magana ba ne. Ranar farko ya dube su, su goma sha ɗaya, duk masu furfura, ya ce, "Rani na fari, haƙa. Rani na biyu, gyaran bango kada ya rufta da ku. Rani na uku, sanin inda ruwa yake."

Zalɓe, wanda ya zo kallo kawai, ya yi dariya. "Malam, ai na ukun ya kamata a fara da shi."

"Hancin da bai shaƙi ƙasar ƙarƙashi ba, ba zai gane ta daga sama ba," in ji Dabgi. Ya juya ga ɗalibansa. "Akwai kuma abin da zan gaya muku tun yanzu, kada wani ya ce na ɓoye. Ku dubi ƙafafunku."

Yalwa, wadda ke cikin ɗaliban, ta duba. Tsakanin yatsunta akwai tantanin nan mai laushi da duk karen ruwa ke iyo da shi.

"Tsakuwa za ta yaga shi," in ji Malam. "Kuma ba ya tofowa. Wanda bai yarda ba ya koma tun da sauran hali."

Uku suka koma. Yalwa ta waiwayi tafki, ta ga abin da ya rage bai wuce kududdufi ba, ta tuna alkawarin majalisa, ta sa hannu a ƙasa. Kafin wata ya ƙare tantanin ya tsage. Ta yi kuka ranar, ba don zafi kaɗai ba. Amma zuwa ƙarshen rani na biyu, ita ce gwanar makarantar. Tana sauka gaba biyar a wuni biyu, bangon raminta sumul, har Malam kan shafa shi ya gyaɗa kai, wanda a wurinsa babban yabo ne.

Sai aka yi damina irin wadda tsofaffi suka manta da ita. Ruwa ya zuba kwana da kwanaki, tafki ya tumbatsa ya haye tsohuwar gaɓarsa, kifi ya biyo ambaliya daga kudu. Aka yi ta murna. Kaka na yi, Balbela ta yi shelar zaman majalisa a kan batun makarantar tudu.

Burgu ya fara miƙewa. "Sunana Burgu, sana'ata ajiya. Allah ya ja zamanin Sarki. Ba wanda ya kai ni son ilimi, kowa shaida ne. Amma an buɗe makarantar nan ne saboda babu ruwa, ga shi kuwa ruwa har ƙofar rumbu. Shin za mu ci gaba da ciyar da masu neman abin da muke tsaye a cikinsa? Kuma a duba su wa ake koyarwa. Tsofaffi ne. In sun ƙware, shekara nawa za su yi mana aiki? Shawarata a tanadi abincin nan saboda matasanmu."

Aka yi ta gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi ina matasan suke.

Zalɓe ya miƙe, wuyansa ya yi kauri da kifin bana. "Sunana Zalɓe, sana'ata su, gadon uwa da uba. Ranka ya daɗe, mu da muka yi haƙuri muka tsaya a bakin ruwa, ga shi haƙurinmu ya biya. Ba mu ci na rumbu ba ko ƙwaya. Wanda ya yi gaggawa ya raina sana'ar kakanninsa, ya dawo, ba mu riƙe shi a zuci ba. Tafki ya ishi kowa."

Malam Dabgi ya yi magana a taƙaice, kamar kullum. Ya ce damina ɗaya ba ta mayar da tafki, ya ce ya shaƙi ƙasar nan shekara da shekaru, ya san ruwan yana tafiya ne. Ya roƙi rani ɗaya tak. Balbela ta gode masa bisa doguwar hidimarsa, da irin muryar da ake sallamar baƙo.

Nan Yalwa ta miƙe. Ba ta taɓa magana a gindin gamji ba.

"Faɗi sunanki da sana'arki," in ji Balbela.

"Sunana Yalwa. Ina koyon rijiya."

"Koyo ba sana'a ba ne, Inna. Kin gama?"

"Saura rani ɗaya."

"To sai ki zauna ki saurara."

Yalwa ta dubi sauran ɗaliban, su bakwai, duk sun sunkuyar da kai. In ta zauna, babu mai faɗin abin da ke ransu. Sai ta ce, "Sana'ata su."

"Yanzu kika yi magana. Majalisa na jin ki."

"Allah ya ba ka nasara," ta ce wa Sarki, "ku kuka ce mu hau tudu, muka hau. Ku kuka ce rani uku. Mun ba da abin da ba za a mayar mana ba." Ta ɗaga hannuwanta sama, yatsun a warwatse, tsumman tantanin ya bushe ya yi baƙi. "Da waɗannan ba na iya bin kifi. Ba sadaka muke roƙo ba, ragowar alkawari ne. A bar mu mu ƙarasa."

Wata tsohuwar agwagwa ta share ido. Sai Burgu ya yi gyaran murya, cikin ladabi ƙwarai.

"Abin tausayi ne, wallahi. Amma majalisa ta ji da kunnenta, baiwar Allah nan ta ce sana'arta su. Makarantar tudu kuwa ta waɗanda ba su da sana'a ce."

Sarki ya nutsa, ya ɗago, ruwa na gangarowa daga gadon bayansa. Ya ce tafki a cike yake. Aka rufe makaranta, tare da godiya ga duk waɗanda suka ba da gudummawa.

Da yamma Yalwa ta hau tudu ta sami Malam yana zaune bakin ramin gwaji. Ta durƙusa. "Malam, ko a tsaitsaye ne, koya mini na ukun. Ni zan nemo maka abinci."

"'Yar nan, da ana iyawa da na yi." Ya ɗebo ƙasa ya kai mata hanci. "Me kika ji?"

"Ruwa."

"Ko'ina haka yake yanzu. Sai ƙasa ta bushe ƙayau, sannan jijiyar ruwa ke fita daban. Ki bari rani ya kama."

Ta yi ƙoƙarin cika nata alkawarin. Takan shiga tafki ta yi ta fafutuka, ruwa na zurarewa ta tsakanin yatsunta, kifi na wuce ta ba ko sauri. Sai ta koma tsintar katantanwa a gaɓa, inda a da take tura yara. Abin da take samu bai ishi ciki ɗaya ba, balle biyu, Malam kuwa ya tsufa, ba ya iya fasa suri ya ci gara. Bai ga ranin ba. Ɗalibansa ne suka haƙa masa kabari, kuma duk wanda ya gani ya ce ba a taɓa yin mai kyansa ba a ƙasar.

Shekara ta zagayo, tafki ya koma inda ya fito. Ta sake zagayowa, ya wuce nan. A shekara ta uku, wata safiya, Sarki ya nutsa iyakar nutsuwarsa, ya ji rana na gasa masa gadon baya. Kafin hantsi Balbela ta karaɗe gari da shela: ana neman duk wanda ya iya rijiya.

Cikin ɗalibai takwas, Yalwa kaɗai ta rage. Wasu sun mutu, wasu sun ja jiki sun bi rafi. Aka kawo ta gindin gamji, aka ba ta wuri a gaba.

"Faɗi sunanki da sana'arki," in ji Balbela, sannan ta yi sauri ta ƙara, "Rijiya ce, ko? Majalisa ta san rijiya ce."

"Na iya rami," in ji Yalwa. "Ban san inda ruwa yake ba."

Burgu ya ce wannan tawali'u ne irin na gwanaye. Aka buɗe mata rumbu, aka ce ta ci iya cinta.

Ta haƙa. Ta haƙa a gindin gamji, ta haƙa a tsohuwar gaɓa, ta haƙa inda Zalɓe ya rantse ya yi mafarki. Rijiya tara ta yi, kowace gaba goma, bango sumul, ba wadda ta rufta. A ƙasan kowace takan kifa hancinta a ƙasa ta daɗe, tana neman abin da aka ce za a nuna mata. Ƙura kawai take shaƙa.

Majalisa ta sake zama, ta gano cewa matsalar ƙarancin ma'aikata ce. Ta yanke shawarar buɗe makaranta a kan tudu, rumbun gayya zai ciyar har rani uku, kuma aka naɗa Yalwa malama. Ta so ta ƙi, amma babu katantanwa a gaɓa kuma.

Ranar farko ɗalibai shida suka zo, duk masu furfura. Tsohuwar agwagwar nan na cikinsu, Zalɓe ma ya zo, wuyansa ya koma kamar kara. Yalwa ta gaya musu batun tantani, ba ta ɓoye ba. Ba wanda ya koma, don babu wurin komawa. Ta ce rani na fari haƙa, na biyu gyaran bango.

Agwagwa ta dubi faffaɗan ƙafafunta, ta ɗago. "Malama, yaushe za a koya mana inda ruwa yake?"

Yalwa ta dubi wajen kabarin Malam.

"Rani na uku," ta ce. Ta sunkuya ta fara nuna musu yadda ake sa hannu a ƙasa.